ADANA 'YA'YAN ITACE DA SUKARI

Manomi, ka lura da abin da ke faruwa kowace shekara da bazara. Daga watan Afrilu zuwa Mayu mangwaro yakan nuna gaba ɗaya a lambunan ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir. Kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, saura ya ruɓe a gindin bishiya. Bayan wata biyu kuma ko na magani babu. Wannan takarda za ta nuna maka yadda kai da iyalinka za ku tsare wannan dukiya da sukari, ku ci a gida, ku sayar lokacin da ta yi daraja.

YADDA SUKARI KE TSARE ABINCI

Abin ba baƙo ba ne. Iyayenmu sun daɗe suna dafa ɗinya su yi maɗi, suna dafa ruwan rake su yi mazarƙwaila, wadda takan yi watanni ba ta lalace ba. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa rayuwa sai da ruwa. Sukari yakan janye ruwan da ke cikin 'ya'yan itace, ya maye gurbinsa. In sukari ya kai wajen kashi 2 cikin 3, ƙwayoyin nan ba sa iya yaɗuwa. In kuwa aka yi masa ƙwauro, sai abin ya yi tsami ko ya yi fumfuna.

WAƊANDA SUKA DACE

Mangwaro da gwanda waɗanda suka ƙosa amma ba su yi laushi ba. Ɓawon lemo mai kauri shi ma yana yi. Kada a yi aiki da wanda ya faɗo ya fashe, ko wanda tsutsa ta shiga. Sukari ba ya gyara ruɓaɓɓe.

YADDA AKE YI

1. A wanke hannu da wuƙa da tukunya. A fere 'ya'yan itacen, a yanka kamar kaurin ɗan yatsa.

2. A zuba su cikin tafasasshen ruwa na minti 3, a tsame. Ɓawon lemo kuwa sai an tafasa shi sau 3 ana zubar da ruwan, don ɗacin ya fita.

3. A haɗa awo 1 na sukari da awo 2 na ruwa, gwargwadon yadda zai rufe yankakken. A matsa lemon tsami guda, a tafasa. Lemon tsami yana hana su yin baƙi.

4. A juye ruwan sukarin da zafinsa a kansu, a rufe, a bar su su kwana.

5. Washegari a tsiyaye ruwan, a ƙara masa rabin awo na sukari, a tafasa, a mayar. A yi haka kullum har kwana 4.

6. A rana ta ƙarshe a dafa ruwan har ya yi kauri kamar zuma. In an ɗiga shi a faranti ya huce, aka taɓa da yatsu biyu, zai yi zare. A mayar, a bar su kwana 2 a ciki.

7. A tsame, a shanya a kan faifai mai tsabta a bisa, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. In sun daina manne wa hannu, a birkita su cikin busasshen sukari.

Kada a yi gaggawa a zuba sukarin duka rana ɗaya. Bayan zai ƙanƙance ya yi tauri, ciki kuwa da ruwa, daga baya ya ruɓe. Ragowar ruwan sukarin ba a zubarwa, a sa a kunu ko zoɓo.

GYAƊA MAI SUKARI

A zuba gwangwani 2 na ɗanyar gyaɗa, da gwangwani 1 na sukari, da rabin gwangwani na ruwa a tukunya. A sa wuta kaɗan, a yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, sukarin ya zama kamar yashi ya kama jikin gyaɗar. A ci gaba da juyawa har ta soyu, a baza a faranti ta huce.

Gargaɗi: a tsince duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta motse, a zubar. Akwai guba a cikinta mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. An gano gubar nan ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincinsu da aka haɗa da irin wannan gyaɗa.

AJIYA

A zuba cikin busasshiyar kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa inda kiyashi ba zai kai ba. Da damina sukari yakan sha raɓa ya narke, don haka a gama shanya kafin ruwa ya sauka. A riƙa dubawa duk mako. Wanda ya yi damshi a sake shanya shi, wanda ya yi fumfuna a zubar.

KA TUNA

Ka yi lissafin kuɗin sukari da itace kafin ka sa farashi. Fara da kaɗan har hannu ya faɗa. Yara su wanke baki bayan sun ci, mai ciwon sukari kuma ya ƙaurace masa.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, uwargida kuma ta ga malamar gona.