3.4 Yadda strace Take Gane Faɗin Kalmar Shiri

A wannan sashe za a yi bayanin yadda manhajar strace take gane faɗin kalmar shirin da take bibiya. Abin da ake nufi da kalma a fagen kwamfuta shi ne adadin bit da na'ura take sarrafawa a ɗauka guda, wato 32 ko 64.

Paul Kranenburg ne ya rubuta strace a shekarar 1991 domin tsarin SunOS, daga baya aka mayar da ita kan Linux. Aikinta shi ne ta tsare shiri duk lokacin da ya miƙa buƙata ga cibiyar tsarin, kamar buɗe fayil, ta bayyana sunan buƙatar. To amma shiri lamba yake miƙawa, kuma kowane faɗi yana da nasa jerin lambobi. Alal misali, a kwamfutocin Intel da AMD, lamba 1 a jerin bit 64 tana nufin rubutu, a jerin bit 32 kuwa tana nufin fita. Haka abin yake a wayoyin Android irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, domin su ma a kan Linux aka gina su: rubutu lamba 4 ne a ARM mai bit 32, amma 64 ne a mai bit 64. Ke nan idan strace ta ɗauki jerin da ba shi ba, rahotonta zai ɓatar da mai bincike.

Da farko strace tana duba ƙimar rijistar CS, wadda ke nuna yanayin da shiri yake ciki a kwamfutocin Intel da AMD. Daga baya ta koma auna girman bayanan rijista da cibiya ta dawo mata da su. Duka hanyoyin biyu suna da naƙasu guda. Shiri mai bit 64 yana iya miƙa buƙata ta tsohuwar ƙofar int 0x80, sai cibiya ta karanta lambar da jerin bit 32, ita kuwa strace ta karanta da na 64. Ta nan mugun shiri yake iya ɓoye aikinsa.

An magance wannan a Linux 5.3 na shekarar 2019, inda aka ƙara umarnin PTRACE_GET_SYSCALL_INFO. Da shi cibiya da kanta take faɗin jerin da ta yi amfani da shi a kowace buƙata. Bisa ga haka, tambayar da ta dace ita ce jerin da kowace buƙata ta bi, domin shiri guda yana iya bin biyun. Sashe na gaba zai dubi fasalin rahoton.