Sandar Fatsa a Filin Jirgin Sama

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirinmu na musamman na yau a kan wani kaya ne da ba kasafai ake ganinsa a gaban kantar awo ba, wato sandar fatsa da tarkacenta: ƙugiya, zare, darma, da ɗan injin naɗe zare. Yaya mutum yake shiga jirgin sama da su? Me ake bari ya riƙe a hannu, me ake karɓewa? Kuma me ya sa a wasu ƙasashe jami'an filin jirgi suka fi damuwa da danshin da ke jikin takalmin masunci fiye da wuƙar da ke cikin jakarsa? Ku gyara zama.

Wani zai ce, to wa ma zai biya kuɗin jirgi don ya je kamun kifi? Akwai su, kuma wasunsu nan kusa da mu suke zuwa. A arewacin Kamaru akwai kogin Faro, wanda ya gangaro daga tsaunukan Adamawa ya zuba a Binuwai dab da iyakar Najeriya. Da rani, idan ruwa ya ja baya ya yi garau, masu fatsa don sha'awa sukan taso daga Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, su sauka Duwala ko Yawunde, su canja jirgi zuwa Garwa, sannan su yi sa'o'i a mota kafin su kai bakin kogin. Da rana suna neman tsage. Idan duhu ya shiga sai su koma kan abin da ya kawo su, giwan ruwa, a gurbin da dorina da kada suke kwana. In sun kama, su auna, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa da ransa. Masuncin Argungu mai homa da gora zai yi mamakin wannan, amma kifin dai ɗaya ne. Giwan ruwa mafi girma da ƙungiyar masu fatsa ta duniya ta rubuta a kundinta, wani mai suna William Toth ne ya kama shi a tafkin Nasir na Masar a shekarar 2000, nauyinsa kilo 104. Da sanda da zare aka jawo shi.

To ga inda matsalar take. Sandar da irin waɗannan mutane suke aiki da ita tsawonta ƙafa 9 ne, wato mita 2 da santimita 70 da 'yan kai. Jakar hannu da yawancin kamfanonin jirgi suke yarda a shiga da ita ba ta wuce santimita 55 ko 56 a tsawo. Babbar jaka kuma, wadda ake aunawa a tura ƙasan jirgi, in an haɗa tsawonta da faɗinta da kaurinta bai kamata su haura santimita 158 ba, nauyinta kilo 23. Duk alhajin da ya taɓa tsayawa layin awon kaya a Jidda ya san ba a roƙon sikeli. Sanda mai kusan mita 3, jaka mai santimita 55. Ina za a sa ta?

Amsar ta ɗauki shekaru da dama kafin a same ta, kuma wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalina.

A farkon ƙarni na 20, sandar fatsa ta ƙwarai da gora ake yinta. Ba kowace gora ba. Akwai wani iri da ke fitowa a gangaren tsaunukan da ke gefen kogin Suwi, a lardin Guwandon na kudancin ƙasar Sin. Ita ce masu sana'ar suka yarda da ita, saboda jijiyoyinta a cunkushe suke kusa da bawo. Maƙerin sanda a Ingila ko Amurka zai tsaga gorar nan, ya fere ta sili-sili har guda 6, kowane sili mai kusurwa 3, yana sirancewa daga gindi zuwa kai. Sai ya haɗe su da gam, su zama sanda ɗaya mai gefe 6. Ku ji fa, gorar da aka sara a kudancin Sin, ta ƙetare teku a jirgin ruwa, a tsaga ta gida shida, a sake manne ta. Sanda ɗaya takan ci kwanaki masu yawa ana aikinta.

A 1950 Amurka ta haramta shigo da kaya daga Sin, gorar ta yanke. Dama an fara gwada yin sanda da zaren gilashi a ƙarshen shekarun 1940, sai wannan ya ba ta kasuwa. A 1973 kuma kamfanin Fenwick na Amurka ya fito da sandar da aka yi da zaren kabon, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Abin da ya sa wannan ya shafi matafiyi shi ne mahaɗa. A da, in za a raba sanda gida-gida, da hular ƙarfe ake haɗa gaɓoɓin, kowace mahaɗa kuma tana ƙara nauyi, tana sa sandar ta sandare a wurin. Saboda haka tsofaffin masu fatsa ba sa son sanda mai gaɓa da yawa. Da zuwan zaren gilashi da na kabon sai aka iya yin gaɓa ta shige cikin 'yar'uwarta ba tare da ƙarfe ba, sandar ta lanƙwasa sumul kamar ba a taɓa raba ta ba. Yau sanda mai gaɓa 4 ita ce ta zama ruwan dare, ana zura ta a kwaroro mai tsawon kamar santimita 75 zuwa 80. Akwai masu gaɓa 6, har 7, da ke shigewa cikin akwati.

[Kiɗa kaɗan]

Bari in kwatanta muku yadda ƙwararre yake ɗaure ta, don abin kallo ne. Zai shimfiɗa gaɓoɓin a kan zane, ya jera su kai da gindi, wato siririn kai kusa da kakkauran gindi, domin kakkauran ya kare siririn. Kan sandar nan kaurinsa bai fi milimita 2 ba, kuma nan ne take karyewa. Zai naɗe su a zanen, ya zura a bututu. Wanda ba shi da kuɗin kwaroron kamfani, bututun roba na masu aikin famfo ya ishe shi, da murfi biyu. Ya cusa safa a ƙasa, ya cusa safa a sama, ya rufe. Sannan ya ɗaga bututun kusa da kunnensa ya girgiza. In ya ji ƙwas-ƙwas, sai ya buɗe ya sake. Sai ya girgiza ya ji shiru, sannan ya naɗe murfin da salatif, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a jiki. Sau da yawa abin da ke karya sanda a jirgi shi ne wannan motsin na ciki, ko kuma akwati mai kilo 23 da aka ɗora mata a bisa.

Dokokin kuwa bari mu bi su a gurguje. Tun bayan harin 11 ga Satumbar 2001 aka tsananta kan duk wani abu mai tsini ko kaifi. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka ta yarda a shiga da sanda a hannu in kamfanin jirgi ya amince da tsawonta, amma manyan ƙugiyoyi a rufe bakinsu, a naɗe su, a tura su ƙasan jirgi. Wuƙa ma can za ta. Ta kuma ce hukunci na ƙarshe yana hannun jami'in da ke bakin na'urar haska kaya. Wannan sharaɗin shi ne gaskiyar lamarin a ko'ina: abin da aka bari ka wuce da shi a Landan ana iya karɓe shi a filin jirgi na gaba. Akwai inda za a ce zaren da ke jikin injin ma sai an warware shi, ko a tura injin ƙasa. Darma takan fito baƙi ƙirin a na'ura, don haka mai ita ya sa ran za a buɗe jakarsa, ga ta da cin kilo. Man shafawa na inji da maganin sauro, dokar mililita 100 da aka kafa a 2006 ta hau kansu. Batirin litiyom na ajiya, irin na cajin waya ko na na'urar gano kifi, a jakar hannu kawai ake ɗaukarsa, in ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfani, in ya wuce 160 ba ya shiga jirgin fasinja. Rigar ceto mai hura kanta tana da ɗan tulun iskar gas, ita ma sai an nemi izini tun kafin ranar tafiya.

In kuma an karya maka sanda fa? Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta sa iyaka ga diyyar kaya a tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa. Daga ƙarshen 2024 iyakar ta kai kusan dala 2,000 ga fasinja ɗaya, ko nawa kayansa suka kai, sai fa in ya bayyana darajarsu a wurin awo ya biya ƙari. Kwana 7 gare ka ka kai ƙorafi a rubuce. Shawarata, ka buɗe bututun tun kana ɗakin karɓar kaya, in da ɓarna ka cike takarda kafin ka fita ƙofa.

[Kiɗa kaɗan]

Duk wannan damuwar matafiyi ce, kuma kuɗi yana maganinta. Akwai wadda ta fi ta, ita ce damuwar kogin da ake zuwa.

A watan Oktoban 2004 masana suka ga wani abu a kogin Wayau da ke kudancin Niyu Zilan. Wata irin gansakuka ce da ake kira didimo, wadda a da a can arewacin duniya aka san ta. Ƙwayarta ɗaya ido ba ya gani. Amma in ta samu ruwa mai sanyi, mai tsabta, sai ta shimfiɗa a kan duwatsun ƙasan kogi, kauri-kauri, launin ƙasa, ta rufe wurin da ƙwarin da kifi yake ci suke rayuwa. Cikin 'yan shekaru ta bazu a koguna da dama na tsibirin kudu. Ta yaya ta ƙetare teku? Masana sun fi kyautata zaton a jikin kayan matafiya ta zo, kuma babban abin zargi shi ne takalmin masu fatsa. Akwai takalmin shiga ruwa da ake yi wa tafi da matsattsen ulu don kada santsin dutse ya kayar da mutum. Ulun nan yakan riƙe danshi makonni. Mutum ya fita daga wani kogi a Amurka ko Turai, ya jefa takalmin a leda, ya ɗaure, bayan kwana biyu ya taka wani kogin a ɗaya gefen duniya. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa. Ɗigo ɗaya, jama'a.

A 2008 Niyu Zilan ta haramta wa masu fatsa a kogunanta sa takalmi mai tafin ulu. Yau duk wanda ya sauka a can da kayan fatsa, dole ya rubuta a takardar shiga ƙasa, jami'i ya buɗe ya duba, ya taɓa ya ji ko da danshi. Wanda ya ɓoye, tarar dalar ƙasar 400 ce nan take. Har yanzu kuwa ba a samu hanyar kawar da didimo daga kogin da ta shiga ba.

Aislan ma haka. Kayan fatsar da aka taɓa aiki da su a wata ƙasa ba a amfani da su a can sai an wanke su da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya sami Norwe ya isa darasi. A 1975 aka gano wata tsutsa mai tsawon rabin milimita a jikin 'ya'yan kifin salmon a can, wadda ta shigo tare da kifin da aka kawo daga waje don kiwo. Ta kama koguna kusan 50. Maganin da aka riƙa yi mata yana da ɗaci: a zuba guba a kogi, a kashe kifin da ke ciki baki ɗaya, sannan a sake zuba sabon iri. Tsutsar nan tana iya yin kwanaki a raye a jikin jiƙaƙƙen kaya, shi ya sa ake tsoron taru da takalmi.

Ni a ganina waɗannan ƙasashe ba su yi tsanani ba ko kaɗan. Mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda suka ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta hana kamun kifi da noma, sun san abin da tsiro ɗaya yake yi in ya mamaye ruwa, ko da yake ita kacalla ba a jirgi ta zo ba. Kuma ku tuna inda muka fara. Abin da ya shiga Faro zai gangara Binuwai, ya bi ta Yola da Makurɗi, ya haɗu da Neja a Lokoja.

Ana yi mini alama cewa lokaci ya ƙure, don haka maganar yadda ake dawowa da kifi a jirgi sai wani jiƙon. Kira biyu kawai zan yi. Ga hukumomin filayen jiragenmu: baƙon da ya sauka da bututun fatsa, bayan an duba ƙugiya da wuƙa, a tambaye shi wane ruwa kayan nan suka shiga na ƙarshe, kuma a taɓa a ji ko sun bushe. Ga masuntanmu kuma, masu ɗaukar taru da kalli a mota daga Yawuri zuwa tafkin Cadi ko Lagdo: ku kakkaɓe ciyawar da ta maƙale, ku wanke, ku shanya a rana su bushe ƙarau, su ƙara kwana biyu a bushe kafin ku jefa su a sabon ruwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.