Jagoran Baƙi a Agadas

Duk baƙon da ya sauka Agadas da niyyar kallon gari, kafin ya gama karkaɗe ƙurar hanya wani zai yi masa sallama. Yawanci mai rawani ne, Hausa a bakinsa, Tamashek a bakinsa, ga Faransanci, wani ma har da ɗan Italiyanci ko Jamusanci da ya tsinta wajen baƙi. Shi ne jagora, wanda 'yan gari suka fi kira gid. Ba shi da rumfa a kasuwa. Jarinsa sanin gari da sanin mutane: wa ke riƙe da makullin hasumiyar masallaci, wane dogari ake fara gaisarwa a ƙofar fada, wane gida ake shiga da sallama kawai, wanne ne sai an aika tukuna.

Sana'ar ta daɗe a garin, kayan aikinta ne suka sauya. Tun ƙarni na 15 da Sarkin Abzin ya kafa fadarsa a nan, Agadas ta zama zangon ayarin da ke fitowa daga Gat da Gadamas zuwa Katsina da Kano, da kuma ayarin gishiri mai ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma. Kowane ayari da madugunsa, da jagaban da ke gaba yana karanta ƙasa. A cikin gari kuma akwai mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Jagororin yau sun raba wannan gado gida biyu. Na daji ya gaji jagaba, na gari ya gaji mai masauki, kuma da wuya ka sami mutum guda da ya ƙware a duka biyun.

Na gari daga masallaci yake farawa, don ko bai so ba idon baƙo can yake. Hasumiyar ginin ƙasa ce zalla, tsayinta mita 27, ana danganta gininta na farko da wajen 1515, aka sake ta a 1844. Tambayar farko da kusan kowa ke yi ita ce ta itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta ta kowace fuska. Amsar ba ta da wuya: suna riƙe ginin, kuma su magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya yi. Aikin jagora na gaske yana wajen hawa. Sai ya zaɓi lokacin da ba na salla ba, ya duba suturar baƙonsa, ya shirya da mai makulli, sannan ya auna baƙon da ido, domin matakalar tana ƙara tsukewa ne yayin da ake yin sama, ga duhu, ga jemagu. Mai jiki yakan haƙura a rabin hanya, kuma jagoran kirki ya san yadda zai ba shi shawarar haƙurin ba tare da ya kunyata shi ba. Wanda ya kai ƙololuwa zai ga soraye ja-ja-wur a shimfiɗe, duwatsun Abzin daga arewa, da lungunan tsohon gari a murɗe. A nan jagora ke bayyana cewa unguwannin nan 11 sun bi iyakokin zangunan da ƙabilun Abzinawa suka kafa tun kafin a yi gini, shi ya sa babu titi miƙaƙƙe. Wannan tsari na cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya tsohon garin a jerin kayan tarihin duniya a 2013.

Daga nan sai fada, a gaishe da Sarkin Abzin idan an yi dace, sai gidan da Heinrich Barth ya sauka. Bajamushen ya shigo ne a watan Oktoba na 1850 da sunan Abdulkarim, ya tarar da garin ya ja baya, gidaje da yawa sun zama kufai, mutane kuma suna magana da wani harshe ɗan'uwan Zabarmanci wanda yanzu ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Daga bisani ya gangara Katsina da Kano a farkon 1851. Ɗakin ba wani abin kallo ba ne, gaskiya. Bakin jagora ne ke cika shi.

Inda ake gane gwani shi ne gaban otal ɗin da ke fuskantar masallaci, ginin da aka yi wa Kawsan, jagoran yaƙin da ya tsare sojojin Faransa a barikinsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da Faransawa suka karɓe garin sun kashe mutane da dama, har da malamai. To ga jagora tsaye, ga jikokin waɗancan sojoji sun biya kuɗi suna saurare. Wani sai ya nuna kyan ginin ya wuce. Wani kuwa ya faɗi abin da ya faru dalla-dalla, cikin ladabi, ba zagi ba sassauci, kuma a ganina wannan ne ya ci kuɗinsa da halal.

Kuɗin yini kaɗai ba ya riƙe gida, saboda haka zagayen yakan ƙare a maƙera da wajen dukawa. Maƙeri zai zauna gaban baƙo ya siffata kuros ɗin Agadas da kakin zuma, ya lulluɓe shi da laka, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan ya fasa lakar ya shiga goga da zane. Ana ƙirga irinsa 21, kowanne da sunan garinsa ko yankinsa. Can gefe ga sirdin raƙumi, ga takalma, ga battar fata. Abin da baƙo ya saya, jagora na da la'adarsa, kuma ban ga aibu a nan ba, dillanci ne kamar kowane dillanci. Aibun yana wajen wanda zai rantse wa baƙo cewa farin ƙarfe azurfa ne, ko ya ƙera labari daidai kunnen Bature. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Irin waɗannan jagorori sun ɓata wa sana'ar suna, har wasu baƙin suka koma gudun duk mai yi musu sallama.

Jagoran daji kuwa rayuka yake ɗauka. Ba ya fita shi kaɗai: akwai direba, akwai kuku, akwai wanda ya san inji, kuma mai hankali ba ya shiga Tenere da mota ɗaya. Ana lissafin jarkokin ruwa da na mai kafin a lissafa komai. Idan an iso rairayi a sassauta iskar taya, idan mota ta kafe a sauko da shebur da farantan ƙarfe. Da dare kuku ya binne ƙullin alkama cikin yashi mai zafi da toka ya fito da tagalla, a ɗora shayi sau uku. Lokacin aikin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, don da bazara ba mai biyan kuɗi ya shiga wannan rana. Wuraren zuwa sanannu ne: lambunan Timia masu lemo da rumman, raƙuman dawa waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a dutsen Dabus, wanda babbansu ya haura mita 5, da gurbin bishiyar Tenere, wadda wani direban babbar mota ya kaɗe a 1973, aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a madadinta. A watan Satumba kuma akwai taron makiyaya na Ingal.

Kasuwar ta yi tashe a shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa garin, kuma Mano Dayak ya buɗe kamfaninsa na yawon sahara. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya tsayar da ita, Mano Dayak kansa ya rasu a haɗarin jirgi a Disamba 1995, filin jirgin garin ma sunansa yake ɗauke da shi. Ta sake farfaɗowa har jiragen shata suna tasowa daga Faransa kai tsaye, sai tawayen 2007, sai sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010. Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Wanda ya san hanya bai iya zama ba, wasu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya ta Dirku, har wata doka ta 2015 ta mai da aikin laifi, aka kama motoci, aka ɗaure direbobi, kafin gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamba 2023. Wasu suka bi zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014. Sace wata 'yar Ostiriya a cikin garin a farkon 2025 ya ƙara tabbatar da cewa Bature ba zai dawo gobe ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda sana'ar ta gina kanta kacokan a kan baƙon ƙetare, ta manta da na kudu. A birnin Kano akwai unguwar Agadasawa. Rawanin turkuɗin da Ba'abzine ke taƙama da shi rinin Kura ne. Gobirawa na cewa daga Abzin suka taso, kuma kantun gishirin da aka daɗe ana ba dabbobi a ƙasar Hausa na Bilma ne. Hanyar ma a shimfiɗe take, daga Damagaram a bi Tanut da Adarbisinat. Sai dai wannan baƙon wani iri ne. Ba zai biya kuɗi don ya hau raƙumi ya kalli faɗuwar rana ba. Zai tambayi inda fatake ke sauka, da kushewun malamai, da yadda ake auna gishiri da gero, zai yi salla a masallacin kafin ya hau hasumiyarsa, kuma zai yi ciniki har sai maƙeri ya yi gumi, musamman idan naira ya canzo. Ribarsa ba ta kai ta Bature ba, kuma jagoran da ya haddace jawabinsa da Faransanci dole ya koma wajen tsofaffin unguwa ya sake ɗaukar karatu. Lokacin da ya fi dacewa a gayyato shi shi ne farkon Muharram, kwanakin bikin Biyanu, sa'ad da garin ke rabuwa gabas da yamma, samari su yi ado da kaba a rawunansu, ana kiɗa ana zaga unguwanni har zuwa ranar Ashura.