Gargaɗi Game da Takardar da Ake Mannawa a Jikin Kwalba

A ƙasashen Ingila da Amurka akwai wata jama'a mai yawa da suka ɗauki dafa giya a cikin gida abin shagala, kamar yadda wani a nan yake kiwon tantabaru, kuma hukuma ta sakar musu mara a kan haka, domin Ingila ta soke sharaɗin neman lasisi tun 1963, a Amurka kuwa Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar a 1978, wadda ta yarje wa baligi ya dafa har galan 100 a shekara, muddin ba sayarwa zai yi ba. Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ba ya buƙatar a tsawaita. Abin da ya sa aka kawo labarin mutanen nan shi ne wata al'ada tasu wadda take ɗauke da izina ga duk mai sayen abin sha a kwalba ko a gora.

Idan ɗayansu ya ƙare dahuwarsa ya ɗura a kwalabe, sai ya zauna gaban kwamfuta ya raɗa wa abin suna, ya zana tambari, ya rubuta adadin barasar da yake zaton tana ciki, ya buga a takarda, ya yanke da almakashi; da yawansu ma da madara suke manna takardar, saboda ta fita da sauƙi ranar da za su wanke kwalbar su sake ɗura wata. Wanda ya ga irin wannan kwalba a kan tebur, da ƙyar zai bambanta ta da ta kamfani. Alhali kuwa babu wani jami'i da ya auna abin da ke ciki, babu wanda ya duba rubutun, kuma gargaɗin lafiya da dokar Amurka ta 1988 ta wajabta a jikin giyar kasuwa, shi yana iya sa shi ko ya bar shi yadda ya ga dama.

A zamanin da kamfanin giya na Bass ya yi rajistar jan tambarinsa mai kusurwa uku a 1876, wanda shi ne na farko a rajistar tambura ta Ingila, buga takarda mai launi aiki ne na masu maɗaba'a da jari mai nauyi, saboda haka kyawun takarda yana iya zama alamar cewa akwai wani babban gida a bayanta, mai jin tsoron zubewar mutuncinsa. Yau wannan alama ta faɗi. Duk wanda ya mallaki waya, ya kuma san shagon buga takardu a bakin kasuwa, yana iya fitar da irinta kafin azahar, mai gaskiya da maha'inci duka ɗaya. Don haka abin da ke rubuce a jikin kwalba da'awa ce ta mai kayan, ita kuwa da'awa, kamar yadda alƙalai suka sani, tana jiran hujja.

Mutanen ƙasar Cek sun ɗanɗana ɗacin wannan a 2012, lokacin da wasu azzalumai suka gauraya barasa da metanol, wato sinadarin masana'antu mai makantarwa da kisa, suka ɗura a kwalabe masu takardun jabu, mutane fiye da 30 suka halaka, har hukuma ta hana sayar da barasa mai ƙarfi na ɗan lokaci. A Najeriya ma an ga irin wannan musiba a 2015, a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas, inda ogogoro mai guba ya ci rayuka.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar mashaya ce kaɗai. Masu dafa giyar nan, duk da son ado da suke yi, abin da masu hankalinsu ba sa wasa da shi a kan takarda shi ne ranar ɗurawa, saboda sun san yis yana ci gaba da cin sukari a cikin kwalbar da aka toshe, yana haifar da barasa da iska, har wani lokaci kwalbar ta fashe a cikin ɗaki. To, wannan sunna ta halitta ba ta san sunan abin sha ba. Kunun aya da zoɓo da kunun zaƙi, waɗanda ake ɗurawa a tsofaffin gorunan lemo ana sayarwa a tasha da ƙofar makaranta, su ma ruwa ne mai sukari, kuma idan suka daɗe a zafin bazara ba ƙanƙara, sai su fara tsima. Kunun aya kuwa yana da saurin juyawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan nabizi, wato jiƙon dabino ko zabibi, cewa halal ne matuƙar bai kai ga sa maye ba, kuma wannan mas'ala tana tafiya ne da lokaci, shi kuwa lokaci mai saye ba shi da hanyar saninsa sai an gaya masa.

Saboda haka matan da suka fara buga wa zoɓonsu takarda, abin a yaba ne, amma a ganina da yawa sun kashe kuɗin a inda bai kamata ba: hoton furanni da suna mai daɗi sun cika takardar, ranar da aka haɗa shi kuwa babu. Abin da ya wajaba a gani shi ne ranar yi, da kayan haɗi (har da launi ko zaƙin kanti idan an sa, domin masu ciwon sukari da masu juna biyu), da inda za a sami mai kayan idan wani abu ya faru. Kwafo lambar rajistar NAFDAC daga jikin kayan wani, alhali hukumar da aka kafa a 1993 ba ta taɓa ganin naka ba, algus ne a shari'a kuma laifi ne a doka. Haka nan barin tsohuwar takardar kamfani a jikin gora bayan an sauya abin da ke ciki.

Shi kuma mai saye, ya fara duba marfi kafin ya duba rubutu, ko a rufe yake da hatiminsa ko an taɓa murɗe shi. Idan gora ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi huci da kumfa yayin buɗewa alhali abin ba lemon gas ba ne, ko ya ji tsami mai yaƙar harshe, to ya zubar, kada ya ba yara, ko da ranar da ke jikin takarda ta yau ce.