Babi na Bakwai: Fumfunar da ke Haɗa Saiwoyin Itatuwa

Laimar kwaɗin da ke ɓullowa a gindin itace da damina ɗan guntu ne na wata halitta dangin fumfuna, wadda galibin jikinta ke binne. A cikin ƙasa zarurruka ne da suka fi gashi siranta, suna naɗe da bakin saiwa. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Bernhard Frank, ya bayyana wannan zama na fumfuna da itace a 1885.

Zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Itace na haɗa sukari a ganyensa da hasken rana, ya saukar wa fumfuna da rabonta. Ita kuwa zarenta na kutsawa inda saiwa ba ta iya shiga, ta zuƙo ruwa da sinadaran fosfaras da naitirojin, ta miƙa masa.

Wasu nau'o'in fumfunar ba su tsayawa kan itace iri guda: zare ɗaya kan kama saiwar itatuwa biyu da ba dangin juna ba. A 1997 Suzanne Simard da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi a lardin Biritish Kolombiya na Kanada. Sun shaƙa wa ƙananan itatuwa iri biyu, mai faffaɗan ganye da mai ganye kamar allura, iskar kabon mai alama, sai suka tarar kabon ɗin wannan ya isa jikin wancan, musamman idan mai karɓa yana cikin inuwa. A 2016 Tamir Klein da abokansa suka ga irin haka tsakanin manyan itatuwa a wani daji kusa da Basel a Suwizalan.

Sai dai da sauran gardama. A 2023 Justine Karst da abokanta biyu suka nuna cewa ba a tabbatar ko ta zaren fumfuna kabon ke bi ko ta cikin ƙasa ba, balle a ce yawansa ya isa ya raya itace.

Abin da ba a musu a kansa shi ne dogaron itacen kan fumfuna. Doka da kawo na dazuzzukanmu da irin wannan fumfuna suke zaune. Dashen itacen fayin ma ya sha lalacewa a ƙasashen Afirka da dama, sai da aka zuba masa ƙasar gindin tsofaffin 'yan'uwansa, mai ɗauke da fumfunar, sannan ya kama. Don haka duk mai son farfaɗo da daji, ya kula da ƙasarsa yadda yake kula da iri.