Ɗaukar Hoto a Bikin Aboki

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi ya sa da wuya a yi bikin aure a garinmu Bungudu, ko a Gusau da Tsafe, ba a ga wani yana kai da kawowa da kyamara ba. Sau da yawa kuwa wannan mutum ba ƙwararren mai hoto ba ne, abokin ango ne da aka roƙa ya taimaka. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne, duk wanda ya karɓi wannan aiki ya ɗauki amana mai nauyi, domin ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya samu abin da ya wuce shi.

Da farko dai, ya kamata mu san yadda kyamara ta zo hannun 'yan koyo. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshe mai suna Daguerre, amma aikin yana da wuya, sai masu sana'a. A shekarar 1888 George Eastman na Amurka ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Kodak, wadda kowa zai iya dannawa. A zamanin ƙuruciyar iyayenmu da fim ake aiki, mai cin hoto 24 ko 36, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an kai birni an wanke. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, daga baya aka samu masu kyamara. Yanzu yaro ma yana iya ɗaukar hoto ɗari kafin a gama raba goro. To, amma yawan dannawa ba shi ne iyawa ba.

Na ga gaskiyar wannan a hutun da ya wuce, lokacin da abokin yayana ya roƙe shi ya ɗaukar masa hoton bikinsa. Yayana ɗan koyo ne, ni kuwa ni ne mai riƙe masa jaka. Abubuwa uku na lura aikin ya rataya a kansu.

Na farko shi ne sanin tsarin biki. Bikin Bahaushe hawa-hawa ne: akwai kamu da sa lalle, sannan ɗaurin aure, da walima, da kai amarya. Tun ana saura kwana biyu yayana ya zauna da ango ya ce, "Abokina, gaya mini mutanen da ba za ka yafe mini ba idan babu su a hoto." Suka rubuta su a takarda: waliyyin amarya, da wakilin ango, da liman, da wani kawu da ya taso daga Kaura Namoda. Amfanin wannan ya fito ranar ɗaurin aure, saboda daga miƙa sadaki zuwa shafa fatiha bai wuce 'yan mintoci ba. Wanda bai san inda zai tsaya ba, kafin ya kutsa cikin taro an riga an tashi.

Na biyu shi ne haske, domin kyamara ba ta ganin kome sai da shi. An ɗaura auren da hantsi ya yi sosai, rana tana tsakar ka, yawancin mutane kuma sun sa fararen manyan riguna. Idan fari ya yi yawa, kyamara takan ɗauka haske ya wuce kima, sai ta rage shi da kanta, fuskoki su fito da duhu. Maganin haka shi ne a ja mutane zuwa inuwar dogon yaro ko ta zaure, kuma kada a bar rana a bayansu. Da dare kuwa, wajen kai amarya, hasken filasha ba ya wuce 'yan taku kaɗan, sai mai hoto ya matso kusa. Idan lokacin hunturu ne, a riƙa rufe gilashin kyamara saboda ƙura. Haka nan a cika batir tun daren jiya, a riƙe wani a aljihu, don ba a dogara da wutar lantarki ranar biki.

Na uku, wanda ya fi sauran girma, shi ne ladabi. Ba kowa ne ke son a ɗauke shi hoto ba. Wani dattijo ya ɗaga wa yayana hannu, shi kuwa ya rusuna ya ce, "To Baba, Allah ya ba da haƙuri," ya sauke kyamara. Cikin gida kuma wurin mata ne, namiji baƙo ba ya faɗawa haka kawai. Saboda haka sai ya ba ƙanwar ango kyamarar, ya nuna mata inda ake dannawa, ita ta ɗauko hotunan amarya da ƙawayenta.

Amanar ba ta ƙarewa da watsewar taro. Hoton biki na masu biki ne, ba na wanda ya ɗauka ba. A yau hoto ɗaya da aka tura ta WhatsApp yana iya zagaya Zamfara kafin la'asar, kuma idan ya fita ba ya dawowa. Hoton matar aure da ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya haddasa fitina a sabon gida. Don haka yayana ya ajiye hotunan a wuri biyu don gudun ɓacewa, ya kai wa ango duka, ango da amarya suka zaɓi waɗanda za a wanke da waɗanda za a aika wa dangi. A 'yan shekarun nan da matsalar tsaro take hana wasu bin hanya, ta hoton nan ne dangin nesa suke ganin bikin da ba su samu halarta ba.

Akwai kuma abin da ɗan koyo yake sadaukarwa. Sauran abokan ango suna zaune suna cin tuwo suna raha, shi yana tsaye da gumi, kuma a ƙarshe babu fuskarsa a hoto ko ɗaya. Wanda ya san ba zai iya jure wannan ba, gara ya faɗa wa ango gaskiya tun da wuri a nemi mai sana'a, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar hoto da su fara gwaji a gida lokacin hutu, su koyi haske da neman izini kafin su karɓi bikin wani. Iyaye kuma su ƙarfafa mana gwiwa, saboda sana'a ce da mutum zai iya ci da kansa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.