Hannun da Aka Bari Yana Hutawa

A Zandam da ƙauyukan Gwaram, idan hawan jini ya kayar da dattijo har ɓarin jikinsa ya shanye, abin da gida ke jira shi ne ranar da zai taka ƙasa. Yana miƙewa da sanda sai a yi hamdala, a ce sauƙi ya samu. Hannun kuwa yana nan lanƙwashe a ƙirji, yatsu a dunƙule, ba mai bi ta kansa.

Ƙafa takan riga hannu dawowa, kuma dole na cikin abin da ke taimakonta: ba a zuwa masallaci da ƙafa ɗaya. Shi hannu yana da ɗan'uwa mai ɗauke masa aiki, ga kuma iyali. Wannan ta ba Baba fura a baki, wancan ya ɗaura masa zariya. Tausayi ne da ladabi, amma hannun cutuwa yake yi.

Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, sashen da ke ba hannu umarni ya lalace. Sassan da ke kusa da shi suna iya karɓar aikin, amma ba sa koyo sai da maimaitawa, kuma watanni 3 zuwa 6 na farko su ne kakar abin. Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa hannun da ya gaza a kwanakin farko yakan saba da zaman banza ko da ƙarfi ya soma dawo masa. Daga nan aka samo dabarar sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri, a tilasta wa mai ciwon aiki na sa'o'i kullum. Gwajin da aka yi wa mutum 222 a Amurka, aka wallafa a 2006, ya tabbatar da amfaninta ga masu ɗan motsi a wuyan hannu da yatsu.

Sai dai wane manomi ne zai riƙa kwashe sa'o'i a gaban likita kullum? Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ta Kano ya gwada wata hanya, ya wallafa a 2018: a bar duba agogo, a ƙirga motsin, 300 ko 600 a yini. Wannan lissafi kam ya zauna da mu. Motsi 300 kusan zagayen carbi uku ne, jika ma zai iya ja wa kakansa. Kayan aikin kuma suna tsakar gida: ɗaukar murfin kwano a ajiye, tsintar wake daga faifai zuwa ƙwarya, kai ludayi baki, ɗaga buta da ruwa kaɗan.

Kafin a fara, a kai dattijon Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, likitan gashi ya auna abin da hannun zai iya. Kada a ja shi ta hannun mai ciwo wajen tayar da shi, kafaɗar ta saki, tana iya gocewa. A tallafe shi ta jiki, a ɗora hannun kan matashi idan yana zaune. Gashi da ruwan zafi ma a yi hattara, fatar da ba ta ji sosai tana ƙonewa bai sani ba. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ga sauƙi, ciwon yana iya dawowa.